Rasuwar Aradu a Cikin Motar Mama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da riga mai cike da baƙin mai, Auta na sanar da 'yan uwa da abokan wasan mota rasuwar abin ƙaunarsa Aradu, injin turbo mai sa mota gudun tsiya, wanda ya cika jiya da la'asar a filin bayan tsohuwar masana'anta, yana tsakiyar juyi na uku. Kwanansa goma sha ɗaya a gidan nan.

Marigayin ya shigo dangi ne bayan Mama ta tafi jinyar yayarta, ta bar wa Auta makullin motarta da amana ɗaya tak: ya riƙa tayar da ita da safe kada batir ya mutu. Auta, da yake mutum ne mai riƙon amana, ya tayar da ita har gareji. Can aka ciro injin da ya shekara goma sha huɗu yana kai Mama kasuwa da asibiti ko tari bai taɓa yi ba, aka dasa Aradu a gurbinsa.

Wayyo Aradu! Wa zai manta da muryarsa? In an taka shi ya yi gurnani, in an ɗaga ƙafa ya ce "fiiiu, tsss", kamar mai ajiyar zuciyar soyayya. Maƙwabta duk sun shaide shi, wasu har da zagi. Shi ne ya sa budurwar nan ta kemis, wadda Auta ya shekara biyu yana sayen maganin ciwon kan da ba ya yi saboda ita, ta ɗago kai a karon farko. Taga ta tashi rufewa, amma dai ta ɗago.

Ciwon ajalinsa da shi aka dasa shi. Ya fi ƙarfin cikin motar, sai bakanike ya yanke rabin kwanon baƙin mansa ya yi walda, ya ce, "Ranka ya daɗe, mai ai albarkarsa ake nema, ba yawansa ba." Tun daga nan, duk kwanar da aka sha sai jar fitilar gargaɗin mai ta kama a gaban direba. Auta ya ga tana ɓata masa bidiyo, ya manna mata sitika mai hoton zuciya. Jiya da motar ta daɗe tana tafiya a kaikaice, ɗan man ya gudu gefe guda, marigayin ya shaƙi iska a maimakon mai. Kalamansa na ƙarshe su ne "ƙwas, ƙwas, ƙwas". 'Yan kallo suka ga hayaƙi, suka yi ta tafi.

Ya bar tayoyi huɗu masu sanƙo, da murfin inji mai tagar da aka yanka masa, da tsohon injin Mama a ƙarƙashin tamfol, an riga an yanke ƙarafan da yake zama a kansu. Ya kuma bar Yaya, babbar 'yar gidan, wadda ta'aziyyarta ita ce: "Auta, wallahi ni ba zan gaya mata ba. So nake in zauna in ga bakinka yana faɗa."

Janwe mai jan matattun motoci zai ɗauki gawar gobe da ƙarfe tara zuwa gareji, inda bakanike ya ce mayar da tsohon injin zai ci kwana biyar, in an samu ƙarfe. Mama kuwa ta bugo waya ɗazu: gobe da azahar za ta sauka a tasha tare da mara lafiyar, Auta ya wanke motar ya zo ɗaukarsu.

Za a karɓi gaisuwa a ɗakin Auta har sha biyun rana. Ba a buƙatar nasiha. Duk mai farar mota irin ta Mama, don girman Allah ya zo da ita.