Don Fulgencio Ya Zauna a Baya

Don Fulgencio ya dafa kafaɗar Casilda ya ce, "Kwantar da hankalinki, 'yata. Can baya zan zauna, ko tarina ba za ki ji ba."

Duk birnin Salamanca na ƙasar Sifen babu wanda ya san Sifaniyanci kamar Don Fulgencio, wato Malam Fulgencio, shugaban 'yar makarantar koya wa baƙi harshe da ke saman gidan burodi. Shi da kansa ya tabbatar da haka. Ɗalibai suna kiransa Famfo, don girmamawa: in aka murɗa shi, ba ya tsayawa sai an nemo mai gyara.

Casilda kuwa bana ta gama jami'a. Darasin gwajin nan ne zai sa a ɗauke ta aiki, ko ta koma ƙauye taya babanta kiwon tumaki. Kalma ɗaya aka ba ta ta koyar: acabar, wato gamawa.

Ta gaishe da aji, ta rubuta kalmar a allo. Sai ga yatsa ya ɗago daga baya.

"Magana ɗaya tak, 'yata."

Maganar ta taso daga harshen Latin, ta ya da zango a gidan kakansa, ta bi ta kan littafin da yake rubutawa tun Casilda ba ta yi haƙori ba. Ya karɓi allin daga hannunta don kada ya yi mata nauyi. Da lokacin shan kofi ya yi, ya kwashi ajin zuwa shagon da ke kan kwanar titi, ya ci gaba da bayani, bakinsa cike da wainar ƙwai da dankali.

Torunn, wata nas 'yar Norway, ta yi ƙarfin hali. "Don Fulgencio, to yaya mutum zai ce ya gama?"

"Tambaya ta masu hankali. Za mu zo nan."

Ba su zo ba.

Da aka watse ya dubi Casilda da tausayi. "Kina da ladabi, ba na musu. Amma ba ki ƙarasa darasinki ba. Malami, 'yata, dole ya san inda zai tsaya."

Ya ce zai yanke hukunci da zarar ya tashi daga abincin rana.

Tana zaune a matakalar makarantar, tana hango shi ta tagar gidan abinci. An tashi ciniki, an kife kujeru a kan tebura, mai shara ya jingina da tsintsiyarsa yana gyangyaɗi, Don Fulgencio na yi masa bayani. Har yanzu ba a gaya mata ko ta samu aikin ba.