Dakta Ladan da Gemun Pendwick

Idan ana lissafin manyan masanan da Allah ya albarkaci garin Greenbelt na Amurka da su, da Dakta Ladan ake farawa, kuma yawanci a kansa ake tsayawa, domin shi da kansa yake yin lissafin. Digirinsa na uku na gaske ne. A kan kwalbati ya yi shi. Shekara goma sha huɗu yana aiki a wani ofishin ƙaramar hukuma, yana tsara inda ruwan sama zai bi ta ƙarƙashin titi, kuma ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Sai dai mutum mai girman Ladan, kwalbati ta yi masa kaɗan. Yana son a riƙa kiran sunansa a inda ake kiran sunayen masu hikima.

A shekarar 2009 Allah ya kawo masa mafita. Wata Asabar ya shiga kasuwar tsofaffin littattafai a College Park don ya fake wa ruwa, ya fito da wani littafi mai warin tsohuwar adaka. Sunan marubucin A. R. Pendwick. Sunan littafin, idan aka mayar da shi Hausa, Rijiya Ɗaya, Guga Dubu. Pendwick ɗan jarida ne da ya yi rubutu a wata jaridar Washington sama da shekara ɗari da suka wuce, kuma yana cikin mutanen farko na Tiyosofi, wata ƙungiyar Turawa da ta ce duk addinan duniya daga tushe guda suka fito, ta bazama Indiya neman tushen. A tsakiyar littafin akwai wani kati mai hoton dattijo, gemunsa har ƙirji, idonsa na kallon nesa. An manne bayan katin da takarda mai kauri, alamar wani ya daɗe yana sa shi shaidar shafi.

Ladan ya dubi gemun, gemun ya dube shi. Nan take suka fahimci juna.

Da ya bincika a intanet ya tarar ba wanda ya taɓa rubuta komai a kan Pendwick. Wani zai ce ai an manta da shi ne. Ladan ya ce an ajiye masa shi ne. Kafin sati ya zagayo ya zama babban masanin Pendwick na duniya baki ɗaya, ba tare da hamayya ba.

Daga nan jama'a suka shiga uku. A wurin suna, Pendwick. A wurin ta'aziyya, Pendwick ya faɗi wani abu a kan mutuwa. Bayan sallar Juma'a mutane suka koyi neman takalmansu da sauri. Da wasu suka fara raɗa cewa Dakta ya shiga ƙungiyar asiri, sai ya tara su ya yi bayani.

"Ni ba mabiyi ba ne, mai nazari ne. Likita yana duba cuta, ba ya zama cuta. Amma wannan mataki ne na ilimi da ba kowa zai gane ba."

Ba su gane ba kuwa. Suka sa masa suna Shehun Fandiki, shi kuma ya ɗauka girmamawa ce.

Mutum ɗaya ne ba ya gudu, Nassirou, direban tasi ɗan Maraɗi, domin shi yake kai Dakta tashar jirgin ƙasa duk safiya, kuma direba ba ya iya barin motarsa ya tsere. A cikin cunkoson babban titin Beltway ya ji yadda Pendwick ya hau jirgin ruwa zuwa Indiya a 1887, ya riƙa aiko wa jaridarsa wasiƙa duk mako. Ya ji yadda ya zauna da masu zuhudu, ya dawo ya rubuta littafi uku. Waɗannan duk suna cikin tsofaffin jaridun da Ladan ya tono. Abin da ba ya cikinsu kuma, Ladan ya ƙaro daga gemu.

"Dubi nan, Nassirou. Irin wannan gemu ba ya fitowa a fuskar ƙaramin mai tunani."

"Doktar, in na duba za mu shiga bayan tirelar can," in ji Nassirou. "Amma mi ya sa wanga mutum bai rubuta sunanai duka ba? A. R. ɗin mi ne ne?"

"Sirri," in ji Ladan. "Manya ba sa bayyana komai."

Shekara uku yana rubutu. Da Hausa ya yi littafin, shafi ɗari uku da goma sha biyu, domin a cewarsa Turawa sun ƙoshi da ilimi, mutanensa ne ke da yunwa. Babi na bakwai shi ne abin alfaharinsa: Jarumtar Alƙalamin Pendwick. A ciki ya tabbatar da hujja goma sha ɗaya cewa irin wannan rubutu namiji ne kaɗai zai iya yin sa, namijin ma mai gemu.

Matarsa Rumasa'u, ma'aikaciyar jinya ce, ita ta karanta masa rubutun don gyaran kurakurai.

"Baban Zahra, mutumin nan ya san girki fa. Shafi huɗu ya yi a kan yadda matan Indiya ke tankaɗe gari. Kuma ya ce ya kwana a ɗakin mata."

"Maman Zahra, ki tsaya a kan waƙafi da aya. Fassarar ma'ana aikina ne."

Ta tsaya a kan waƙafi da aya.

Ranar ƙaddamarwa, wata Lahadi a watan Mayun 2012, ya kama zauren taro na unguwa. Ya buga sanarwa da Turanci ya liƙa a ɗakunan karatu har garin Manassas. Ya sa aka faɗaɗa hoton gemun ya kai tsawon ƙofa. Babban baƙo shi ne Farfesa Dalyop, malamin tarihi ɗan Jos, wanda Ladan yake fatan zai buɗe masa hanyar koyarwa a jami'a, ya rabu da kwalbati har abada. Mutum sittin suka zo, yawancinsu saboda an ce akwai dambun nama da fura.

Ladan ya hau mumbari cikin babbar riga mai aska takwas. Ya yi minti hamsin yana Hausa yana juyawa Turanci.

"Na zauna da mutumin nan shekara uku. Na san numfashinsa. Idan na rufe ido ina jin muryarsa, kakkaura, kamar tsawa daga nesa. Ba na ce ni ne magajinsa ba. Amma idan wasu suka faɗa, ba zan ƙaryata su ba."

Da aka zo tambayoyi, wata tsohuwar Baturiya a layin gaba ta ɗaga hannu. Ta kai shekara tamanin, tana riƙe da sanda da wata jakar fata. Ta ce sunanta Constance, daga Manassas ta zo, ta ga sanarwa a ɗakin karatu. Ta yi godiya, ta ce ba ta zaci akwai wanda ya san sunan Pendwick a duniya ba.

Ladan ya dafa ƙirji ya rusuna kaɗan, yadda kowa zai gani.

"Kakata ce," in ji Constance. "Adelaide Rose. Editan jaridar ya ce ba wanda zai karanta mace, shi ya sa ta riƙa sa haruffa biyu. A kan teburin kicin take rubutu, da 'ya'ya biyar. Ita ta koya mini ɗinki. Muryarta siririya ce ƙwarai." Ta juya ta dubi hoton. "Wannan bawan Allah kuma wane ne?"

Ta ciro hotuna daga jaka, aka riƙa miƙawa hannu zuwa hannu: wata 'yar ƙaramar mace da tabarau, tana tsaye kusa da giwa. Farfesa Dalyop ya nemi a ba shi katin asali. Ya sa farce a hankali ya ɓare takardar da ke bayansa, ya gyara tabarau, ya karanta da ƙarfi, da muryar mutumin da ba ya son dariya ta ƙwace masa. Tallan man gyaran gemu ne na wani kantin Baltimore. Kwalba ɗaya, gemu ya yi sheƙi wata guda.

Can baya wani ya ƙware da fura.

A nan ne girman Ladan ya bayyana. Ƙaramin mutum zai nemi ƙofa. Shi sai ya gyara hula.

"Na daɗe ina zargin haka," ya ce. "Na bar shi ne don in ga ko akwai mai lura."

Farfesa Dalyop ya karɓi lambar wayar Constance. Bai karɓi ta Ladan ba.

Washegari Ladan ya ɗauki hutun kwana ɗaya. Ya ce duniya na jiran bugu na biyu, wanda zai nuna shi ne mutum na farko da ya gano Pendwick mace ce. Ya cire babi na bakwai. Saura gyaran shafi kusan ɗari uku, inda kowane layi ke cewa ya tafi, ya rubuta, ya ce. Rumasa'u ta ce ya ba ta wata ɗaya ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Wata ɗaya? Aikin injiniya ne wannan."

Ya umarci kwamfuta ta mayar da duk "ya" ya koma "ta", duk "shi" ya koma "ita". Daƙiƙa biyu ta gama. Bai tsaya dubawa ba, ya aika maɗaba'a, kwafi ɗari biyar.

Da kwalayen suka iso, ya tara iyali da Nassirou a falo, ya miƙa wa Rumasa'u kwafin farko ya ce ta karanta wa jama'a. Ta buɗe.

"Pendwick ta tafi Indita neman gaskitar dunita. Ta itaga wani ƙauye, aka ba ita itankafa."

"Wace Hausa ce wagga?" in ji Nassirou.

Ladan ya miƙa hannu zai karɓe littafin, amma ta riga ta juya bangon baya, inda aka rubuta tarihin marubuci. Ta karanta a nutse, tana ba kowane waƙafi haƙƙinsa.

"Dakta Ladan ta yi karatu a Zarita, ta zo Amurka ta yi fice. Tanzu tana zaune a Greenbelt."

Ta rufe littafin, ta ajiye a kan tebur, ta ɗan rusuna.

"Sannu da ƙoƙari, Hajiya."