Yadda Za Ki Kama Gemun Farfesa Ba Tare Da An Kore Ki Ba

Ke da kike zuba ruwan roba a kan gilashi, ki zana masa hanyar da ta fi gashi siranta don haske ya bi, amma kullum hasken ya mace a tsakiya: ga magani. Tabbatacce ne, a kaina na gwada.

1. Karɓi laifin.
Ke kaɗai ce mace a ɗakin gwajin, saboda haka Farfesa zai ce hodarki ce ke faɗawa cikin robar. Zai ƙara da cewa in aka sake, ki koma wanke kwalabe. Ce masa, “To, ranka ya daɗe.” Masana sun tabbatar haƙuri ba ya warwatsa haske.

2. Bar kwalliya.
Babu hoda, babu jan-baki. Goggo za ta dube ki ta ce, “’Yar nan, wai aikin naku bokiti kuke yi ko jinya?” Kada ki yi mata bayanin makunnin da kike ƙerawa, mai juya haske hagu da dama. Za ta ba ki fitilarta ki gyara.

3. Duba da kanki.
Hasken zai sake macewa. Sa samfurin a madubin ƙara girma. Za ki ga gashi ɗaya kwance a kan hanyar, gajere, murɗaɗɗe, fari fat. Tuna wanda ke leƙa aikinki da takunkumin fuska a saɓule a wuya.

4. Zama daƙiƙiya.
Kada ki kuskura ki ce “gemu”. Tara ɗalibai, ki kira Farfesa.
“Ranka ya daɗe, wannan wane irin zare ne? Ban taɓa ganinsa a littafi ba.”
Zai daɗe a sunkuye a kan madubin. Hannunsa zai tafi haɓa da kansa. Ke dai kalli silin.

5. Bar masa nasarar.
Washegari zai sanar cewa bincikensa ya gano sabuwar doka: kowa ya rufe haɓa.
“Har ni?”
“Har ke. Kimiyya ba ta son kai.”
Ɗaura takunkuminki da kyau. A ƙarƙashinsa ake dariya.

Gargaɗi: in Farfesanki mai aske gemu ne, ko gashin ya fito baƙi kuma dogo, ban san ki ba, ba mu taɓa haɗuwa ba.