Rina a Jirgin Surukina

Ko zan manta da komai na duniya, ba zan taɓa mantawa da jajibirin sunan 'yata ta fari ba, ranar da na kai ragon suna ƙetaren dam ɗin Jibiya a cikin kwale-kwalen surukina. Har yau in na tuna sai in ji leɓena na sama yana zogi.

Ni mai shayi ne a Magama, dab da bakin iyaka. Teburina yana inda manyan motocin Maraɗi ke tsayawa kafin 'yan duwan, wato kwastan, su sallame su, don haka bakina ya saba da hayaniya. In yi ciniki da direba, in yi wa yaran mota tsiya, in ƙwala wa mai burodi kira daga tsallaken titi, duk a numfashi ɗaya. Wannan bakin ne ya kusa hana ni aure. Lokacin da na nemi Sa'a, ƙanin mahaifinta, Baffa Sale, ya tsaya kai da fata cewa ɗan tasha ba shi da kunya, kuma wata rana sai na kunyata su a bainar jama'a. Surukina (ku yi haƙuri, ba zan faɗi sunansa ba, suruki ne) bai bi ta tasa ba, ya ba ni ita. Tun daga ranar na ɗaura aniyar nuna wa mutanen nan kunya irin wadda ba su taɓa gani ba. In na hango Baba, tun daga nesa nake tuɓe takalmi. Ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Fuskarsa kuwa, da a lokacin za a ce in kwatanta ta, sai dai in kwatanta muku yatsun ƙafarsa, don su na fi sani.

Sa'a ta tafi gida goyon ciki, Allah ya sauke ta lafiya. Ana gobe zan taho ta kira ni a waya, ta rage murya ta ce, "Don Allah ka kama kanka. Baffa Sale na nan, ya zuba ido. Kada ka ba ni kunya." Na yi dariya na ce ta kwantar da hankalinta. Ni da nake da digiri a kunya?

Damina ta yi ƙarfi a shekarar, rafi ya cinye hanyar da ke zagayawa ƙauyensu, sai ta ruwa. Baba masunci ne kuma manomi, shi da kansa ya zo ɗaukata da tsohon jirginsa na katako. Na sha sabuwar shadda, na kafa sabuwar hula da na saya musamman, ga ragona fari sol ina ja. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon ruwa. Muka tura ragon ciki. Shi ya zauna a kan katakon da ke gindin jirgi da filafilin tuƙi a hannu. Akwai wani katakon a tsakiya da ya nuna mini in zauna, amma ina! Ni in zauna daidai da suruki? Na naɗe rigata na zauna a ƙasan jirgi, cikin ɗan ruwan da ya taru, na riƙe igiyar rago, na sunkuyar da kai.

Wannan sunkuyawar ce ta ja mini. Da na zauna inda aka nuna mini, da ban ga komai ba.

Mun yi nisa da gaɓa, ina ta kallon ƙafafun Baba kamar yadda na saba, sai idona ya sauka a ƙarƙashin katakon da yake zaune. Gidan rina ne. Ba ƙarami ba, ya kai faɗin tafin hannuna, yana rataye da wani ɗan siririn wuya da bai fi zare kauri ba. Duk da tsoron da ya kama ni, wallahi sai da na ce Subhanallahi a zuciyata. Ban taɓa ganin gidan rina kusa haka ba. Ɗakuna ne ƙanana a jere, kowane daidai da ɗan'uwansa, babu wanda ya karkace, wasu an liƙe bakinsu da fari, wasu kana hango ɗan tsutsa yana motsi a ciki. Su kuma iyayen, jajaye masu siririn ƙugu, sun lulluɓe shi suna kaɗa fukafukai a hankali, kamar masu yi wa jariri fifita. Abin da ya fi ɗaure mini kai, duk sanda Baba ya ja filafili, diddigensa sai ya wuce ta gefensu, su kuma su ɗan matsa su ba shi hanya, in ya janye su koma. Babu wadda ta tashi.

Sai na tuna cewa waɗannan bayin Allah suna zaune ne a ƙarƙashin surukina, mu kuma muna tsakiyar ruwa, ni ban iya iyo ba, ga rago.

Abu mai sauƙi ne, za ku ce. Ka buɗe baki ka gaya masa. To, ku gwada ku gani. Ta ina zan fara? In ce, "Baba, duba ƙarƙashinka"? In ce, "Baba, ɗaga"? Ni, ɗan tashar da aka ce ba shi da kunya, in ambaci mazaunin surukina da bakina? Na juya maganar ta kowace fuska, babu inda ta fito da mutunci. Na dai daure na yi gyaran murya.

"Baba."

"Na'am, Malam."

"Ruwa… ruwa ya cika bana."

"Alhamdu lillahi," in ji shi.

Muka ci gaba da tafiya. Na sake gwadawa, na ƙare da tambayarsa lafiyar gero.

Daga nan ne shaiɗan ya kawo mini dabara. A wurin sana'ata, ƙudan zuma ba sa barin gwangwanin madara da sukari. In sun dame ni, kofi nake kifawa a kansu, in zura murfi ta ƙasa, in kai su can nesa in sake. Ban taɓa shan harbi ba, har direbobi na yaba mini. Sai na ce a raina, ai rina ma ƙanwar zuma ce. In kifa hulata a kan gidan, in tsinke wuyan, in wurga cikin ruwa, Baba bai ma san an yi ba. In ceci surukina ba tare da na furta kalma ɗaya ta rashin kunya ba. (Har na fara hango yadda Sa'a za ta ba Baffa Sale labari.)

Lokacin mun kusa gaɓar ƙauyen, ina jin muryoyin mata suna wanke tukwanen suna a bakin ruwa. Na cire hula a hankali. Na saki igiyar rago, na rarrafa da gwiwa, na zura hannu tsakanin ƙafafun surukina kamar ɓarawon kaza. Hular ta rufe rabin gidan ke nan, ragon nan ya ga an sake shi, ya ɗaga kai ya tunkuyi bayana.

Jama'a, rina ba ƙanwar zuma ba ce. Ba su ma haɗa dangi ba.

Ta farko a leɓe ta same ni, ta biyu a fatar ido. Sauran suka bi ta wuyan riga suka shige ciki, kuma duk wanda ya san babbar riga ya san gida ne mai ɗakuna da yawa. Kunyar da na yi shekaru ina tarawa ta tashi a daƙiƙa ɗaya. Na kurma ihu, "Wayyo Inna! Wayyo na mutu!" Na rungume ƙafar Baba, na sake ta, na tuɓe babbar riga na yar, na tuɓe 'yar ciki na yar, na yi tsalle na faɗa ruwa. Sai da na ji ni a ciki na tuna ban iya iyo ba. Na shiga dukan ruwa ina kalmar shahada da ƙarfi, ina haɗawa da kiran sunan Sa'a, sunan da ban taɓa furtawa a gaban mahaifinta ba.

Cikin wannan hargitsi na ji muryar Baba, a natse, kamar mai tambayar farashin goro.

"Malam, miƙe tsaye."

Na miƙe. Ruwan iya cinyata.

Na share ido ɗaya da ya rage mini na dubi gaɓa. Matan gidan ne gaba ɗaya, kuma a gabansu, da ludayi a hannu, surukata ce, mahaifiyar Sa'a. Ga ni tsaye daga ni sai wando, leɓe ya fara hawa. Da dariya suka yi da na ji sauƙi. Ba su yi ba. Kamar an ba su umarni, duk suka juya mini baya a tare, suka ci gaba da goge tukwanen da suka riga suka wanke. A can ƙarƙashin bishiya kuwa Baffa Sale ne zaune, shi bai juya ba.

Sai na waiwaya wajen jirgi, abin da na gani ya mantar da ni kaina. Baba yana zaune inda yake, bai matsa ko taƙi ba. Rina sun yi masa rumfa a ka, wasu a goshinsa, wasu a wuyansa, wasu a bayan hannunsa. Hannu ɗaya ya damƙe igiyar ragon da na saki, ɗayan yana jan filafili a hankali, yana daidaita jirgin kada ya kife. Ina ganin inda suka harbe shi yana tashi, amma bai kai hannu ya kore ko ɗaya ba. Leɓensa kawai ke motsi. A hankali, ɗaya bayan ɗaya, suka sauka suka koma ƙarƙashin katakon, kan gidansu da na bari yana reto. Ranar ce na fara kallon fuskar surukina sosai, kuma ban taɓa ganin natsuwa irin wannan a fuskar ɗan Adam ba. Ya kawo jirgin gaɓa, ya sauke ragon ko jiƙewa bai yi ba, ya tsamo rigata da filafili ya miƙo mini ta baya ba tare da ya dube ni ba.

Na wuni a zauren wani maƙwabci, an shafa mini toka da man shanu, ina jin Baffa Sale daga waje yana cewa, "Ai na hwaɗa maku." Na yanke shawarar da an yi sallar la'asar zan bi ta daji, ko da rafin zai tafi da ni, in koma Magama da ƙafa, a raɗa suna ba ni. Ana sallamewa sai ga Baba a ƙofar zaure, ido ɗaya a kumbure kamar nawa, da kasko a hannu.

"Malam, taho ka kama mani."

Muka koma bakin ruwa mu biyu. Ya hura busasshen kashin shanu a kaskon, ya ɗora ɗanyar ciyawa, hayaƙi ya turnuƙe. Ya ce in riƙe kaskon a ƙarƙashin katakon, kada in yi sauri. Na riƙe. Rinan suka yi laushi, suka lafe. Ya sa 'yar wuƙa ya yanke wuyan gidan, ya tare shi da tafin hannunsa, da rinan da komai, ya taka a hankali zuwa wata bagaruwa, ya ɗaure shi da zaren komar kamun kifi a ƙarƙashin reshe inda ruwan sama ba zai taɓa shi ba. Muka ja baya muka tsaya. Da hayaƙin ya sake su, sai ga su suna kewaya sabon wurin, suna shiga suna fita kamar can aka haife su.

"Tun farkon damina muke tare da su," in ji shi. "Na ce sai ɗiyansu sun tashi in cire. Sai kuma Allah ya ba ni jika. Wa zai rushe ɗakin mai jego a satin da tashi ɗiya ke jego?"

Ban san lokacin da bakin tasha ya kuɓuce mini ba. "To Baba, ai da an gaya mini."

Ya juya yana kallon ruwa. Sai na ga kafaɗarsa tana girgiza.

"Tun da ka zauna ƙasa nake son hwaɗa maka," ya ce. "To, ta ina zan fara ce wa suruki ya dubi ƙarƙashina? Ina cikin neman hanya kai kuma ka tambaye ni gero."

Ashe duk tsawon tafiyar nan, mu biyu muna zaune a jirgi ɗaya, muna kokawa da jimla ɗaya.

Washegari da safe aka taru raɗin suna. Muka fito ni da Baba, kowa da kumburarren ido, nawa na hagu, nasa na dama. Baffa Sale ya gyara zama ya fara, "Yaya, ai wannan yaron jiya…" Baba ya ɗaga hannu. Ya ce, yadda kowa zai ji, "Ni na bar su a jirgi, laifina ne. Shi ya ga abin da zai cuce ni ya sa hannunshi. A cikinku wa ya taɓa sa hannu a gidan rina saboda ni?" Baffa Sale ya ɗauki goro ya cusa a baki, daga ranar ban sake jin kalmar ɗan tasha a gidan ba. Sa'a kuwa ta ce ta yafe, amma sai da ta yi dariya har ungozoma ta tsawata mata.

Abin da na koya shi ne, kunyar da ta hana ni faɗin kalma biyu a zaune ba ta hana ni kurma ihu ba riga a gaban surukata ba. Yanzu in zan shiga jirgin Baba, a kan katako nake zama, kuma kafin in zauna sai na tambaya da baki, "Baba, akwai baƙi a ƙasa?" Shi kuma ya ce, "Duba da kanka, Malam."

Sai dai matan ƙauyen ba su bar ni haka ba. Tun kafin a gama rabon naman suna suka laƙaba wa jaririyar Ta-Rina, sunan kuma ya bi ta. Ni kuwa, da yake ita 'yar fari ce, kunya ba za ta bar ni in kira sunanta na yanka ba. Don haka kullum da safe, a gaban direbobi da yaran mota, ni da bakina nake ƙwala kira, "Ta-Rina, kawo kofuna!"