Alhaji Bara'u da Jirgin Furanni

Wani mutum ne a Tudun Gamji ana ce da shi Alhaji Bara'u, dillalin gero. In dai zancen ruwa ya taso, to kowa ya ja bakinsa ya bar masa fili. A faɗarsa, cikin kwale-kwale aka haife shi, tsakiyar kogin Kwara daura da Yawuri, ungozoma na yanke cibi, igiyar ruwa na yi masa wankan farko. Yana shekara tara, in ji shi, ya kama kada da hannu ya ɗaure masa baki da mazagin wando. Akwai ma ranar da ya nutse da hantsi, bai ɗago ba sai da ya jiyo kiran azahar daga ƙarƙashin ruwa.

Labarin ya daɗe yana ci, don a Tudun Gamji ruwan da ya fi kowanne zurfi shi ne na rijiyar masallaci. A ina za a gwada shi? Gaskiyar magana kuwa, Alhaji ko randar ruwa zai leƙa sai ya dafa bango.

Kwatsam sai gwamnati ta datse fadamar gabas ta yi dam. Ruwa ya kwanta malala, ya raba gari da kasuwar Laraba. Aka ce za a kawo jirgin fito, dagaci kuma zai naɗa Sarkin Jirgi, da rawaninsa da buzunsa a fada kusa da na liman. Masu nema biyu ne: Ɗan'ubale, wani masunci shiru-shiru da ruwan ya jawo daga Haɗeja, sai Alhaji Bara'u. Shi Alhaji bai ma jira ba, har ya kai ɗinkin rigar naɗi wurin Tukur tela, abokin wasansa.

Tukur na auna shi yana cewa, "Alhaji, ga dam can ya cika maƙil. Ka ɗan faɗa mana, mu kashe kwarkwatar ido."

"Wannan kududdufin? In na faɗa ai ruwan ne zai fantsamo waje. Ni ba na shiga ruwan da nake hango ɗaya gaɓar."

Ana haka sai 'yarsa Rumasa'u, da ke aure a Italiya, ta aiko masa da tikitin ziyara. Ta ce ita da mijinta Nafi'u za su kai shi yawon buɗe ido birnin Benis. Da mutum mai hankali ne, da ya yi sallama ya tafi salin-alin. Ina! Alhaji sai da ya je fada ya baje kolinsa.

"Ranka ya daɗe, gari ne da babu titi, babu mota, babu jaki. Lungu ruwa, kasuwa ruwa, ƙofar gida ruwa. Wasu baƙunta za su, ni gida za ni."

Tukur ya gyara zama. "Shi ke nan an huta, ranka ya daɗe. Ya kira mu ta bidiyo yana cikin jirgi, kowa ya gani."

Dagaci ya shafa gemu. "Madalla. Ranar Asabar muna zaman fada da hantsi. Ka kira mu kana kan ruwa, Alhaji. In mun gani, kana dawowa a naɗa."

"An gama, ranka ya daɗe," in ji Alhaji.

Ranar Asabar jirgin ƙasa ya ɗauko su daga garin su Nafi'u, ya bi ta kan wata doguwar gada da ruwa dama da hagu. Alhaji ya runtse ido ya ce lazimi yake. Suna fitowa daga tasha, ba zato, ga ruwa a gabansa kamar mai jiran bashin gaisuwa. Gidaje tsofaffi, benaye, duk sun tsoma ƙafafunsu a ciki, gansakuka ta yi musu kore shar. Ga jirgi ɗauke da firji. Ga jirgin 'yan sanda. Ga na kwasar shara. Wani ya wuce yana jiniya, Nafi'u ya ce ai motar asibitinsu ke nan. Ga kuma wasu dogayen kwale-kwale baƙaƙe masu siririn hanci, matuƙansu na tsaye a wutsiya da riguna masu zane-zane, kowa da sanda guda.

"Baba, ko mu shiga gandola?" in ji Nafi'u cikin ladabi, yana nuna ɗaya daga cikin baƙaƙen kwale-kwalen. "Kullum Rumasa'u na ba ni labarin bajintarku a ruwa."

Alhaji ya taɓe baki. "Wannan akushin? Dubi yadda yake tuƙi, kamar mai sharar tsakar gida. In na shiga raina ɓaci zai yi, in karɓe sandar, in kunyata bawan Allah a gaban mutanensa. Ba kyau. Mu taka."

Aka taka. Lungu, gada, lungu, gada. In an zo gefen ruwa Alhaji ya manne da bango har rigarsa na gogar siminti, wai yana nazarin gini. In an hau gada ya bi tsakiya tsaf, ido a sama. Rumasa'u ta cire takalmi ta riƙe a hannu. Agogo kuwa sai gudu yake, can gida fada ta kusa cika.

Sai Allah ya kawo su wani ɗan fili a gaban wata tsohuwar coci. Nan Alhaji ya hango shi. Jirgi ne faffaɗa, shuɗi mai duhu, yana ta ƙyalli, an ɗaure shi da igiya biyu gaba da baya, ko motsi ba ya yi. An cika shi da furanni, farare da jajaye, an naɗe su kamar gammo, kowanne da ƙyalle mai rubutun zinare. A tsakiya ga wani dandamali an shimfiɗa masa karan-miski. Ba kowa a ciki.

Dabara ta faɗo masa.

"Nafi'u, askirim ɗin nan da kuke ta yabo, ku je ku sayo mini. Ba na nan kusa ba, na can ƙetaren gada biyu. Ni zan ɗan miƙe ƙafa."

Suna shan kwana ya tattare babbar riga. Ya yi bisimilla sau uku. Ya zauna a bakin dutse, ya ja gindi, ya ja gindi, tim, ya faɗa ciki. Jirgi bai ko girgiza ba. Alhaji ya haye dandamalin nan ya harɗe, ya karkata hula, ya danna waya.

Fuskoki suka cika allo: dagaci a tsakiya, liman, Tukur na leƙowa ta kafaɗa, Ɗan'ubale can baya.

"Ranka ya daɗe, ga ni a kan ruwa!"

"Masha Allah! Wannan jirgi haka?"

"Na Sarkin Ruwan garin ne. Yana jin na sauka ya aiko da shi. Ya ce mutum irina ba ya shiga na haya."

"Furannin fa?" in ji Tukur.

"Na tarba ne. Ka ga rubutun nan? Barka da zuwa, gwanin Kwara. Da yarensu."

"Na ga jirgin ba ya tafiya."

"Kai Tukur, ɗinki ka sani. Gwani ne ke tsayar da jirgi cak a kan ruwa. Tambayi Ɗan'ubale in ya iya."

Dagaci ya ji daɗi, ya yi gyaran murya, ya ɗauko tarihin yadda kakansa ya haƙa rijiyar farko a Tudun Gamji. Kowa a garin ya san wannan tarihi, kuma kowa ya san in an fara shi ba a tari, ba a tashi, balle a katse wa mai gari waya yana tsakiyar magana. Wanda ya taɓa gwadawa shekara biyu bai taka fada ba.

Sai ƙararrawar coci ta buga. Gwam! Gwam! A hankali, ɗaya bayan ɗaya.

Ƙofa ta buɗe. Ƙarti huɗu cikin baƙaƙen kaya suka fito, kafaɗarsu ɗauke da dogon akwati mai sheƙi. Bayansu wata tsohuwa 'yar ƙarama da baƙin mayafi, ana riƙe da ita. Suka miƙo tiryan-tiryan wajen jirgi.

Alhaji ya dubi akwatin, ya dubi dandamalin da yake kai. Sai yanzu ya gane gadon wa ya harɗe a kai.

Ya zabura zai fita, akwati ya riga ya tare hanya. Ɗaya daga cikin ƙartin ya rusuna, ya yi masa magana a tausashe, ya nuna masa kujerar baya. Mutanen nan sun ga dattijo da riga mai aska takwas, an sha aiki har ƙasa, suka ɗauka wani babban aminin mamaci ne ya taso takanas daga Afirka. Aka ɗora akwati inda ya tashi. Dangi suka shigo suka zazzauna, suka sa shi a tsakiya, tsohuwa a gefensa. Alhaji ya matso da waya daf da hanci don kada a ga komai sai fuskarsa. Dagaci na can bai ma kai gaba na biyar a rijiya ba.

Tukur dai ido gare shi. Ya yi ƙasa da murya, "Alhaji, wane akwati na hango?"

"Tsaraba ce. Kyautar Sarkin Ruwa."

"To mutanen me ya sa suke share hawaye?"

"Ba sa so in tafi."

Gurrr! Inji ya tashi. Aka kwance igiyar gaba. Aka kwance ta baya. Dutsen da Alhaji ya sauko ta kansa ya fara ja da baya, taku ɗaya, taku biyu, taku goma.

A cikin lungu abin da sauƙi, don bango na kusa, yana kallonsa. Suka kutsa ƙarƙashin wata gada, sai ga Rumasa'u a sama, askirim na narkewa a hannunta.

"Baba! Baba, ina za ka?"

Alhaji ya ɗaga mata hannu irin na manya.

Daga nan lungu ya ƙare. Gidaje suka kau gaba ɗaya. Ruwa ya buɗe fetal, iya ganinka, iska na kaɗa shi. Wani ƙaton jirgin fasinja ya gifta, ya turo musu igiyar ruwa. Jirgin furanni ya yi sama, luuu, ya dawo, fam! Waya ta kuɓuce, ta yi tsalle ta maƙale tsaye cikin gammon furanni, idonta a kan Alhaji sak.

Shi kuwa bai san inda take ba. Ya duba abin kamawa, babu bango, babu bishiya. Abu ɗaya ne mai nauyi a jirgin nan. Ya yi kukan kura ya rungume akwatin da hannu biyu, ya manna kunci a kan murfi.

"Wayyo Allah! Wayyo Inna! Ku tsaya! Direba, don girman iyayenka ka taka birki! Wallahi ban iya ruwa ba! Ko a baho ban iya ba! Yawurin ma sau ɗaya na je, a bayan motar albasa!"

Hula ta faɗa ruwa. Hawaye shaɓe-shaɓe, majina har gemu.

Tsohuwa ta dube shi. Tun safe take daurewa, amma ganin baƙo daga wata uwa duniya yana birgima a kan akwatin mijinta yana kiran abin da ba ta sani ba, sai zuciyarta ta karye. Ta dafa bayansa ta fashe da kuka. 'Ya'ya suka ɗauka. Jikoki suka ɗauka. Har mai tuƙi sai da ya goge ido da gefen hannu. Duk sanda jirgi ya yi tsalle Alhaji ya ƙara murya, su ma su ƙara.

"Na yafe rawanin! A ba Ɗan'ubale! A ba kowa ma! Ni dai ƙasa! Ƙasa!"

Da ƙyar aka isa wani wuri mai jan bango da dogayen itatuwa, maƙabartar garin ke nan. Sai da ƙarti biyu suka ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya kafin a iya sauke mamaci. Alhaji ya fito da rarrafe, ya zauna daɓas a kan dutse, yana shafa shi kamar ya ga ɗan'uwa. Tsohuwa ta kama hannunsa ta sumbata, ta damƙa masa hankicinta, aka wuce da gawa.

Yana mayar da numfashi, sai mai tuƙi ya zo ya miƙo masa wani abu da ya tsinta cikin furanni.

Waya ce. Ba ta katse ba.

Fada ta cika fiye da ɗazu, har da mutanen da suka baro shagunansu. Liman ya toshe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa.

Dagaci ya yi gyaran murya. "Alhaji, ya haƙuri? Ba mu san kun shaƙu da marigayin haka ba. Batun rawani kuma mun ji wasiyyarka, za a ba Ɗan'ubale."

"Ranka ya daɗe, ai... wato al'adar garin ce, baƙo shi ke..."

"Alhaji," in ji Tukur, ya turo fuska har hancinsa ya cika allo, "ɗan juya mana wayar nan. Can da aka sauke ka, akwai gada kuwa? Ko da abin da ya kawo ka za ka koma?"

Alhaji ya dubi gabas, ruwa. Ya dubi yamma, ruwa. Kudu da arewa, ruwa. Tsibiri ne.

Masu binne gawa na can ciki sun fara samun natsuwa, sai suka jiyo aminin marigayi a bakin ƙofa ya buɗe sabon makoki.