Adalcin da Na Yi wa Zomaye

'Yata Hadiza tana shekarar ƙarshe a jami'a, ta kawo zomaye goma gidanmu a Kura, cikin keji biyu. Wai tana so ta gano ko garin sabulu, irin wanda masu wanki ke zubarwa a kanal ɗin ban ruwa, yana sa ƙwayoyin jini saurin fashewa.

Bayan sati shida, da za ta shiga Kano kwana uku, ta fara yi mini bayani. Na katse ta. Ni da na yi aji huɗu a firamare, na kuma yi shekara arba'in ina kiwon awaki, za a koya wa shayar da zomo?

Da safe na duba robobin da ta jera: zomaye biyar za a ba su ruwa mai ɗan sabulu, biyar ruwa zalla. Raina ya ɓaci. A gidana za a wanke wa wasu jini a bar wasu da datti? Na raba sabulun daidai wa daida, har na ƙara wa ramammen cikinsu.

Da ta dawo na ba ta labari ina jiran godiya. Ta zauna a ƙasa.

"Baba, waɗancan biyar ɗin da su zan gwada sauran! Aikin sati shida fa!"

Sai da ta sake daga farko.

Yau shekara uku, in na zauna wajen mai shayi sai ya ɗaga cokali ya ce, "Alƙalin Zomaye, sukari ko sabulu?"