Ranar da Na Sa Aka Yanke Kacallar Malama Rabi

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe tara da minti ashirin na safiyar wata Talata ba. Mu huɗu ne a bakin ruwan Zobe: ni da nake shugaban masu noman rani na ɓangarenmu, Malama Rabi, 'yar Kurfi mai karatun digiri na biyu, Farfesan da ke duba aikinta, sai Ardo Buba da ya kawo shanu shan ruwa, shi ba wanda ya gayyace shi.

Bari in bi abin daki-daki, don ba na son labari a hargitse.

Na farko. Ciyawar kacalla ta cinye mana bakin ruwa. Ta toshe magudanai, ta hana shanu isa mashaya. Malama Rabi ta zo binciken hanyar kashe ta. Ta kafa turaku, ta ja igiya, ta raba wuri uku. Ɗaya ana yankewa a saman ruwa, ɗaya a ƙarƙashin ruwa, na uku ta bar shi yadda yake. Wata takwas tana shiga laka da takalmin roba tana awo.

Na biyu. Ta ce mini, "Baba, wannan na ukun kada a taɓa shi." Da kunnena na ji, ba zan yi ƙarya ba. Amma na ɗauka kara take mana, irin ta mai tarbiyya da ba ta son wahalar da dattawa. (Karatuna a firamare ya tsaya, amma kara na san ta.)

Na uku. Aka ce Farfesa zai zo Talata. Mu a nan ba a tarbar baƙo da ƙazanta. Litinin na kira gayya, mutum goma sha tara, da lauje da adda. Kafin azahar wurin ya yi fes. Turakun ma na sa aka cire, aka jera su bisa tsawo. Har tsawa na yi wa wanda ya bar tsiro biyu.

Sai Talatar. Na sa babbar riga, na shige gaba, na buɗe hannu na ce, "Ranka ya daɗe, ga aikin 'yarku, mun ƙarasa mata."

Malama Rabi ta ajiye littafinta a ƙasa. "Baba, ina na ukun?"

"Ga shi can, an ɗaure dami-dami."

Farfesa ya cire tabarau ya goge. "Malam, da wanda ba a taɓa ba ake gwada sauran. In babu shi, awon wata takwas bai nuna komai ba. Ba ta da abin rubutawa."

Ardo ya jingina da sandarsa. "Shugaba, shekara nawa ina roƙonka ka buɗe wa shanu mashaya? Ashe sai an ce kada ka taɓa!"

Malama Rabi ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Sannunku da aiki, Baba." Nan na ji babbar rigar ta yi mini nauyi.

Na ba ta haƙuri a gaban kowa. Amma a ji ni da kyau: kacalla muguwar ciyawa ce, gobe ma in na ga wadda ba ta da turke zan yanka. Masu ce mini Farfesan Lauje a kasuwar Dutsin-Ma su ci gaba, ban daina zuwa kasuwa ba. Kuskurena ɗaya ne: an ce kada in taɓa, na zauna ina neman abin da ake nufi.

Farfesa ya ce in an sami wuri mai zurfin ruwa irin namu, wanda ba a taɓa kacallarsa ba, kafin damina ta faɗi, za ta sake farawa, shekararta ba za ta tafi a banza ba. Na ce ni na yanka, ni zan samo. Wuri shida na duba, duk an ƙone ko an sare.

Saboda haka, mai karatu, in ka san kacallar da lauje bai shige ta ba tsakanin Shema da Kurfi, kada ka gyara ta. Ka aiko mini da saƙo, kuma ka tsare mini ita daga mutane irina.